Jaririya a Jujin Mayanka

Wanka kawai Najaha ta shiga yi. Wankan jego na yamma, irin wanda take yi tun ranar da ta dawo daga matarnite, asibitin haihuwa na Matameye, da ƴarta a hannu. Gwaggonta Ladi, wadda ta zo daga Dawce don ta kula da ita, ta sauke tukunya tana tafarfasa, ta tsoma ganyen dogon yaro a ciki, ta ce mata ta yi maza kafin magariba ta kawo jiki. Daga nan Gwaggo ta leƙa maƙwabta aron babbar tukunya, don gobe suna. Jaririya tana barci a ɗaki cikin gidan sauro. Ragon suna yana ɗaure a gindin durumi, sai kuka yake yi. Maigidan, Yasin, ya bi kamiyon, babbar motar ɗaukar rake, zuwa Damagaram tun asuba, sai bayan isha ake sa ran dawowarsa da goro da dabino.

Wannan haihuwa ta huɗu ce, amma babu ɗa ko ɗaya da yake yawo a tsakar gidan. Na fari zazzaɓi ya ɗauke shi tun bai fara zama ba. Na biyu da ta uku kuwa lafiya lau aka haife su, suna kama nono kamar za su cire shi, sai jajibirin suna su ƙi mama ƙememe. Su yi ta kau da kai, su yi ta tsotsar iska, wani wari yana tashi daga bakinsu wanda sabulu ba ya fitarwa. Kafin a yi arba'in an kai su makwanci. Najaha ta ce haka Allah ya so, ta share hawaye.

Surukarta Inna Shekara ba ta ce haka ba. Ita cewa ta yi wabi ne, ɗa ɗaya ne yake zuwa yana komawa don ya ga ana rawar jiki a kansa. Maganinsa a nuna masa ba a son sa. A kai shi juji a ajiye kamar shara, a juya masa baya, a raɗa masa suna Ajuji, sai mutanen ɓoye da ke janye shi su ga ba abin kirki ba ne, su ƙyale shi. Tun haihuwa ta biyu take wannan waƙa. Najaha ta ce ɗan da ta ɗauka wata tara ba zai kwanta inda ake zubar da kashin awaki ba. Da Yasin ya kawo maganar limamin unguwa cewa wannan canfi ne, tsohuwar ta furzar da tukar goro ta ce liman bai taɓa naƙuda ba.

Kai, Inna Shekara! Ni dai ban ga mace marar sanin iyaka kamarta ba. Ba ta san sallama a ƙofar ɗakin ɗanta ba, sai dai ka ji asabari ya ɗaga, ka ganta tsaye a kanka. Takan buɗe kwanon surukarta ta sa yatsa ta ɗanɗana. Takan tauna goro da garin taba, ta lakato jan miyau da ɗan yatsa ta shafa wa jariri a dasashi, wai tubarraki. Bayan rasuwar ta uku, a gaban matan da suka zo gaisuwa, ta kama nonon Najaha da hannunta mai datti, ta matse shi a ƙoƙo, ta jefa tururuwa a ciki don a ga ko nonon ne yake kashe ƴaƴa. Tururuwar ta fito da ranta ta yi tafiyarta. Tsohuwar ba ta ce a yi haƙuri ba, ta zubar da nonon a kwata ta goge hannu a zaninta. Tun daga ranar, in Najaha ta ji warin goro sai ta kau da kai. In ta kai ƙara wurin Yasin, magana ɗaya ce: ki yi haƙuri, tsohuwa ce, uwata ce.

A wannan karon dai Yasin ya yi abin kai guda ɗaya. Ranar haihuwa ya karɓi ƴar, ya yi mata kiran salla a kunnen dama, ya yi mata huɗuba da sunan marigayiya mahaifiyar Najaha. Hanifa. Najaha ta ji daɗi har ta yi kuka, amma ba ta maimaita sunan ba. Tun tasowarta, don kunya, sunan uwarta bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a lakwal, makarantar boko, da aka tambaye ta sunkuyar da kai ta yi. Ta riga ta yanke Ummi za ta riƙa kiran yarinyar. Inna Shekara kuwa da ta ji, ta ce su raɗa abin da suka ga dama, ita ta san sunan da zai riƙe ta.

To, Najaha tana bayan ɗaki tana fyaɗa wa jikinta ganye, tururi ya rufe ta, sai ta ji asabarin ɗakinta ya yi ƙara. Ta tsaya da ganye a hannu. Ta kira Gwaggo, ba amsa. Ta ce ko iska ce, ta ci gaba. Sai can ta lura ragon ya daina kuka.

Ta ɗaura zani a ƙirji ta fito, ruwa yana ɗiga daga jikinta. Gidan sauro a ɗage. Shimfiɗar da ɗumi, har da ɗan lotsawar da kan jaririya ya yi. A bakin ƙofa ga tofin goro, ja, bai bushe ba.

Ɗakin Inna Shekara a buɗe, takalmanta ba su nan.

Ba ta tsaya neman mayafi ba, tawul ta yafa. An ce kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in, kuma ba mai hankalin da yake fita da jinin biƙi a jiki daidai faɗuwar rana. Duk ta san wannan. Ta fita ba takalmi.

Lungun ba kowa, iyaye sun kore yara cikin gida. Hayaƙin girki ya kwanta ƙasa-ƙasa. Daga masallaci ta ji ladan yana ƙwanƙwasa lasifika yana gyaran murya. Ta bi bayan gidaje tana dafa bango, ɗinkin da aka yi mata yana ja. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Juji ɗaya ne a wannan gefen gari wanda tsofaffi suke ambata da ƙaramar murya, na bayan mayanka.

Warin ya tarye ta tun kafin ta gan shi. Tun kaka da kakanni ake zuba a wurin, har ya yi tudu ya fi katanga. Tumbin shanu da mahauta suke juyewa, jini da ya daskare ya yi baƙi, ƙahoni, tukar rake da dubun bakuna suka tauna suka tofar, tsummokaran mata, ledoji masu kumburi da ba a son sanin abin da ke cikinsu. Wani ruwa kore yana tsatsafowa daga gindinsa yana bin hanya. Ta taka shi. Ɗumi ne da shi, kamar an zubar yanzu. Ta toshe baki da tawul.

A jikin katangar mayanka ta ga mutum a tsugune, ya juya wa jujin baya. Inna Shekara ce, hannunta wayam. Da ta ga Najaha ta zabura ta cafke mata wuyan hannu.

"Kar ki hau," ta ce da raɗa. "Ki bari a gama kiran salla, ni zan ɗauko ta. Kar ki ɓata aikin."

"Ina ƴata?"

"Ba ƴarki ba ce yanzu. Ba ta kowa ba ce. Haka ake cewa."

Numfashin tsohuwar ya bugi fuskarta, goro da taba da ruɓaɓɓen haƙori. Najaha ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba, balle ta taɓa ta. Yau ta murɗe hannunta ta fizge, har tsohuwar ta zauna daɓas a cikin kwata.

Ladan ya ɗaga murya. Allahu Akbar.

Ta fara hawa. Ƙafarta tana nutsewa har idon sawu, abubuwa masu laushi suna fashewa a ƙarƙashinta. Wani abu ya yanke ta a dunduniya, ba ta duba ba. Ƙudaje sun rufe tudun baƙi ƙirin, amma ko ɗaya bai tashi ba, ko ɗaya bai yi ƙara ba. Duk sun juya kai wuri guda.

Sai ta ji kukan jaririya, siriri, daga can sama. Nononta ya amsa, ya zubo ya jiƙa zanin.

A ƙwanƙolin tudun akwai wani rami kamar kwano. A ciki aka shimfiɗa ƴar, a kan tsohon buhu, tsirara, an shafa mata toka a goshi. Kuma ba ita kaɗai ba ce.

Da farko Najaha ta ɗauka wata mahaukaciya ce take tsince-tsince. Mace ce, ko abin da ya yi kama da mace, ta sunkuya a kan ƴar. Gashinta ya cuɗe da leda da gashin akuya. Fatar bayanta tana motsi. Da Najaha ta ƙara dubawa sai ta ga ba fatar ce take motsi ba, tsutsa ce. Ta nemi ƙafafun matar ta rasa. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu inda ta ƙare, babu inda jujin ya fara.

Harshenta yana cikin kunnen jaririyar na hagu. Dogo, toka-toka. Tana lasa a hankali, kamar yadda akuya take lasar ɗanta.

Najaha ta buɗe baki za ta yi Bisimilla, harshenta ya yi nauyi.

Abin ya zare harshe, ya ɗago. Ba ta ga idanu ba, ramuka biyu ta gani cike da ƙudaje. Ya sa hannu ya ɗago nono ɗaya, dogo, yamutsattse, bakinsa yana ɗigar da wani ruwa baƙi mai kauri. Warin ruwan ya iso hancinta, ta gane shi nan take. Shi ne warin bakin ƴaƴanta biyu.

"Abin da aka yar nawa ne," in ji shi. Muryar kamar kwata ta toshe tana ɓulɓula.

"Ba ni na yar ba."

"An kawo. An ce ba a so. An ce mini sunanta Ajuji."

Ɗigo ɗaya ya faɗa a kumatun ƴar. Ta juyo da kai tana laluba da baki, yadda take yi in ta ji ɗumin uwarta.

"Biyu na karɓa daga hannun tsohuwar nan," in ji abin. "Na jira har aka gama kira. Ba wanda ya hau ya ce nasa ne. Na ba su suka sha."

Sai Najaha ta tuna. Duka biyun jajibirin suna ne suka ƙi mama. Duka biyun tana bayan ɗaki tana wanka.

Ladan ya kai Hayya alal falah.

Ta miƙa hannu, tudun ya haɗiye ƙafafunta har gwiwa. Abubuwa suna tafiya a jikin ƙwaurinta, suna hawa.

"Tawa ce," ta ce. Muryar ba ta fita sosai ba.

"Mai abu ya san sunan abinsa."

"Ummi."

Abin ya yi wani sauti, ƙudajen idonsa suka motsa. Dariya ce. Ya ce wannan ba suna ba ne, mayafin suna ne. Ya ƙara sunkuyawa. Bakin nonon ya taɓa leɓen ƴar na ƙasa.

Sunan yana nan a maƙogwaron Najaha, inda ya zauna tun tana yarinya. Kunyar duk rayuwarta ta danne shi. Ta ga fuskar uwarta ranar da aka rufe ta da likkafani.

Allahu Akbar, Allahu Akbar.

Ƴar ta buɗe baki.

"Hanifa!"

Ba ta san tana da irin wannan murya ba. Karnukan mayanka suka amsa daga nesa. "Hanifa sunanta, ubanta ya yi mata huɗuba, sunan uwata ne, ni na haife ta, ina son ta! Hanifa!"

Jaririyar ta kau da kai daga baƙin nonon, ta juyo da kunnen dama wajen muryar, ta tsandara kuka.

Ƙudajen suka tashi gaba ɗaya. Suka shiga mata hanci da baki, ta tauna wasu. Ta faɗa gaba da ƙirji, ta rarumo ƴar da buhun da komai, ta fizge ƙafa ɗaya, ta fizge ɗayar. Wani abu mai sanyi da danshi ya zagaye mata idon sawu, ya zame. Ta gangaro da baya, ta rungume ƴar a ciki, ƙahoni da fasassun kwalabe suna yagar ta. Daidai lokacin da ta dira a cikin koren ruwan nan, ladan ya ce La ilaha illallah, ya yi shiru.

Ta waiga sau ɗaya. Ba kowa a saman tudun, sai leda tana kaɗawa.

Nan ta durƙusa ta yi ta amai har ba abin da ya rage. Ta goge kumatun ƴar da gefen tawul, ta goge, ta sake gogewa. Sannan, a wurin, cikin ƙazantar, ta zaro nono ta sa mata a baki, don ba za ta iya jira sai ta kai gida kafin ta san ko ita ma za ta ƙi mama ba. Ƴar ta yi jim. Ta shinshina. Ta kama.

Inna Shekara tana nan inda aka bar ta, ta ji komai. Najaha ta tsaya a kanta ta tambaye ta sau nawa ta hau tudun nan da ƴaƴanta. Tsohuwar ta buɗe baki, goron ya faɗo a cinyarta. Ta ce don su rayu ta yi, haka aka yi wa ƙanenta a Ɗan Barto ya rayu har ya yi furfura, ita ba ta taɓa waigawa ta ga abin da ke can sama ba, don an ce ba a waigawa. Ta miƙo hannu za ta taɓa ƙafar jaririyar.

"Kar ki ƙara taɓa abin da na haifa," in ji Najaha. Ba ta ce Inna ba.

Gwaggo Ladi ta ƙarar da sabulu guda a jikinsu a daren, ta ƙone zanin da tawul da buhun. Da Yasin ya dawo aka gaya masa, ya zauna a bakin rijiya har aka yi asuba. Wannan karon bai ce a yi haƙuri ba. Da safe aka yanka rago, liman ya faɗi suna, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an samu Hanifa. Kafin a yi arba'in magina sun raba gidan biyu da katanga, aka fasa wa Najaha ƙofarta daban, ta sa mata sakata.

Inna Shekara ta rayu bayan haka, amma ba wanda ya ƙara haɗa kwano da ita. Wari ya kama hannuwanta daga wuyan hannu zuwa yatsu. Ta wanke da toka, ta wanke da lemun tsami, ta yi lalle, ta yi turare, a banza. In ta ba yaro ƙuli-ƙuli sai ya karɓa don ladabi, ya jefa wa kaji a zaure. Ni kaina na taɓa gaisawa da ita a gidan biki, kuma wallahi ranar ban iya cin tuwo ba.

Hanifa kuwa ta rayu. Ta yi ƙiba, ta yi wayo, ga surutu kamar aku. Kunnenta na hagu ne kawai ba ya ji. An kai ta wurin likitoci a Damagaram, sun haska sun ce ba su ga komai ba. In rana ta yi ja, wani ɗan ruwa yakan tsatso daga cikinsa, uwar ta goge da auduga ta jefa a wuta ba ta shinshina ba.

Wata yamma, bayan an yaye ta, tana wasa da gwangwani a tsakar gida, ladan yana ƙwanƙwasa lasifika. Najaha tana tankaɗe. Sai ta ga yarinyar ta saki gwangwanin, ta karkata kai, ta juya mataccen kunnen wajen mayanka. Ta yi kasaƙe. Ta yi murmushi.

"Na'am," in ji ta.

Tun daga ranar, in magariba ta kawo jiki, duk abin da Najaha take yi sai ta ajiye. Ta ɗora ƴar a cinya, ta toshe kunnen hagu da tafin hannu, ta sa baki a na dama, ta yi ta kiran sunan da ƙarfi har ladan ya kai ƙarshe. Ana jin ta har lungu na uku. Matan unguwa suna cewa ba ta da kunya, mace tana ƙwala sunan uwarta kamar mai tallan fura. Ta ji, ba ta daina ba.